Wata uku na ba wasu yara aikin tallan turarena, ga abin da na gani

Tun bayan ƙaramar sallah mata ke ta kirana suna tambaya wai su waye suka gyara min shafina na Instagram, kuma ko zan ba da shawarar a je wajensu. Na gaji da maimaita bayani a saƙon murya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan kamfanin ba zan kama ba, don akwai inda zan yaba musu sosai akwai kuma inda suka ɓata min rai, kuma yara ne masu tasowa, ba na so in zama sanadin toshe wa wani hanyar abincinsa.

Ni dai sana'ata turaren wuta da humra da kwalacca, wajen kakata ta wajen uwa na koya, 'yar Maiduguri ce, Allah ya jiƙanta. Daga ɗakina a Gyaɗi-Gyaɗi na fara, yanzu alhamdulillah ina da ɗan shago a wani layi da ke bayan Zoo Road. Da ciniki yana tafiya daidai gwargwado, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya birkice, kwalba ta tashi, man turare ya tashi, ɗan sahun da zai kai miki kaya Kurna ko Rijiyar Zaki sai ya faɗi kuɗin da ya kusa cinye ribar gaba ɗaya, ga shi kuma duk matar da kika buɗe sitatus ɗinta turare take sayarwa. Ina ɗora hotuna kullum, ina biyan kuɗin data, amma sai in wuni babu wanda ya ce min nawa ne. Wallahi abin ya dame ni har Abban yara ya lura.

A filin baje koli na Zoo Road na haɗu da su ƙarshen 2024, wata yarinya a cikinsu ta tsaya a rumfata ta sayi humra, muka ɗan taɓa hira ta ba ni katinsu. Su uku ne, maza biyu da ita, duk sun gama BUK, ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman bene wajen Farm Centre. Muka yi ciniki a kan naira dubu 180 na wata uku, daga farkon Janairun 2025 zuwa ƙarshen Maris, ban da kuɗin da za a biya Facebook na talla, wannan daga aljihuna yake fita daban. Na zaɓi lokacin ne da gangan saboda kowa ya san yadda bukukuwa ke yawa a Kano kafin azumi, ga kuma cinikin sallah a bayansa.

Sati biyun farko ko hoto ɗaya ba su ɗora ba. Raina ya ɓaci, na kira yarinyar na ce ke ni fa kuɗi na biya ba zance ba. Ta ce Anti ki yi haƙuri, ba za mu fara harbi ba sai mun san da wa kike kokawa. Sun ce in rubuto musu sunayen masu irin sana'ata da nake ganin suna ɗauke min kwastoma, na rubuta shida. Da suka kira ni ofis sai ga takarda da suna goma sha biyar, fiye da rabi ban taɓa jin su ba, wasu ma ba a Kano suke ba, akwai na Kaduna da Abuja da Maiduguri, amma matan Kano ne cike a ƙarƙashin hotunansu suna tambayar kuɗin kawowa. Ni duk tunanina gasata da maƙwabciyata ce da matan da muke haɗuwa a Kurmi wajen sayen itace.

Wannan zaman na ranar shi ne abin da ya fi komai daraja a kuɗin da na biya, don haka bari in tsaya a kansa. Babban cikinsu ya juyo min da kwamfutarsa ya buɗe wani waje na kamfanin Meta, masu Facebook da Instagram da WhatsApp, Ad Library ake ce masa. Kyauta ne, kowa zai iya shiga. Kina zaɓar ƙasa ki sa Najeriya, ki rubuta sunan shafin mutum ko wata kalma kamar humra, sai ya jero miki duk tallan kuɗi da ke gudana a lokacin, da hoton da rubutun da ranar da aka fara shi. Na ga tallan wata da nake ganin ta fi ƙarfina, ashe bidiyo ɗaya ne tal take juyawa tun watanni. Ya ce min Hajiya duba nan, mutum ba ya ci gaba da zuba kuɗi a tallan da ba ya dawo masa da komai, in kika ga talla ya daɗe to yana kawo ciniki, shi za mu nazarta, wanda aka sa kwana uku aka cire mu bar shi. Sannan ya nuna min wani waje a shafin Facebook da ke faɗin ranar da aka buɗe shafi da ko an taɓa canja masa suna. Akwai wata mai mabiya rututu da na daɗe ina jin tsoro, ashe shafin barkwanci ne a da aka mayar da shi na turare, shi ya sa mabiyan suke da yawa amma in ta ɗora kaya mutum biyar ne ke magana.

Ita kuma yarinyar aikinta ya fi ba ni mamaki. Zama ta yi ta karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙasan hotunan waɗannan mata goma sha biyar ɗin, ɗaya bayan ɗaya, tana kwafewa a littafi, yabo ta ajiye gefe, ƙorafi da tambayar da ba a amsa ba su take nema. Ta ce yabo kowa na iya sa ƙawarsa ta rubuta, amma wadda ta ɓata lokacinta ta yi ƙorafi to da gaske ta saya. Abin da ya fi yawa shi ne mutane sun gaji da a ce musu su shigo inbos kafin su ji farashi. Sai masu cewa na farko da suka saya ya yi ƙamshi na biyu kuma kamar ba hannu ɗaya ya haɗa ba. Sai kwalbar humra da ke tsiyaya a hanya. Sannan wata tambaya da ta yi ta dawowa babu mai amsawa, wai ana iya sa shi a bona ta lantarki ko sai garwashi, kuma me ya sa yake ƙauri.

Maganar ɓoye farashi ni ma ina ciki dumu-dumu, kuma na yi musu da su sosai. Na ce in na rubuta kuɗi a fili wata za ta gani ta rage naira ɗari biyu ta kwashe min mutane, kuma mu nan an saba da tayi, mace tana so ta ji an rage mata ko yaya ne. Ƙaramin cikinsu ya ce Hajiya duk wadda ke gasa da ke ta riga ta san farashinki, ƙanwarta kawai za ta sa ta tambaya, wadda ba ta sani ba ita ce mai son saye, kuma ita kunya take ji kar ta tambaya ta ji ya fi ƙarfinta ta rasa yadda za ta zame. Wannan maganar ta shige ni, don ni kaina na sha fasa tambayar kaya saboda haka. Muka sa farashi a kan kowane hoto, muka jera kayan a katalog ɗin WhatsApp Business da girman kwalba da kuɗinsa. Masu shigowa inbos sun ragu, amma wadda ta shigo, lambar asusun banki take tambaya.

Akwai inda muka saɓa tun a nan. Sun so su riƙa shiga wajen matan nan da wasu lambobi suna nuna kamar amarya ce za ta yi odar kayan lefe, a ja su da zance har su faɗi sirrin sarinsu da ragin da suke yi, alhali ba saye za a yi ba. Na ce a'a. Na san zafin a wuni ana ja miki rai ki lissafa kaya ki tura hotuna a ƙarshe a ɓace, ba zan sa a yi wa wata ba. Abin da na yarda da shi shi ne a saya da gaske, da kuɗina, ƙaramar kwalba daga wajen mutum huɗu. Ciniki ne halal, sun samu kuɗinsu mun samu kayanmu.

Ranar da kayan suka cika muka shimfiɗa darduma a shago bayan la'asar, na hura garwashi a kasko huɗu, muka sa kowanne daban muna fita waje muna shan iska kafin mu gwada na gaba don kar hanci ya rikice. Na farko sukari ya yi masa yawa, yana hawa wuta ya narke ya yi baƙi ya fara ƙauri. Na biyu ƙamshin farko mai daɗi amma minti kaɗan ya gudu, an ji mai ne aka yayyafa a sama itacen bai sha ba. Na uku ba laifi. Na huɗu na wata baiwar Allah daga Maiduguri, hawi ne, wato wani nau'in turaren wuta, wallahi ya fi nawa, na faɗa a gabansu ban ji nauyi ba, ƙamshinsa a hankali yake tashi kuma washegari da na buɗe shago yana nan a labule. Kuma yadda ta naɗe kayan ya koya min abu, ta sa leda a bakin kwalbar kafin ta rufe murfi, ta zagaye da salatif, ta saka a ƙaramin kwali da takarda a gefe-gefe. Ni a leda baƙa nake ƙullewa in ba direba. Daga ranar na ƙara wa hawina kwanakin jiƙo, ban fasa ba har yau.

To sai ɓangaren jawo hankalin jama'a, wanda su suke kira hulɗa da jama'a, nan ma sun yi abin da ya burge ni. Yarinyar ce ta ce Anti matsalar kayanki ɗaya ce, ƙamshi ba ya bi ta waya, mai atamfa hoto ya ishe ta amma ke sai an shaƙa. Don haka maimakon mu zuba duk kuɗin a Facebook sai muka ƙulla turare ɗan kaɗan-kaɗan a 'yan ƙananan leda, wanda zai yi sawa biyu, da ɗan kati mai lambata, muka kai wa matan da amare ke zama a wajensu dole, masu lalle da masu kitso da masu gyaran jiki da teloli mata. Mutum goma sha biyu muka zaɓa, a Hotoro da Tarauni da Kabuga da Fagge da cikin gari wajen Mandawari. Kowacce na ba ta kwalba guda kyauta ta riƙa turara ɗakin aikinta, in kwastoma ta ce wannan ƙamshin fa, sai ta miƙa mata ƙulli ɗaya. Kin san mai lalle sai ta riƙe mace awa uku hannu a shanye ba ta iya ko taɓa waya, ƙamshin nan yana shigarta, ga ƙawayen amarya a zaune. Dabarar da suka ƙara ita ce kowane kati akwai sunan unguwar a jiki, an rubuta ki faɗi wannan kalmar a rage miki, ta haka muka san wace mai lalle ce ke turo mutane, ni kuma duk ƙarshen wata ina aika mata da ɗan alheri. Wata mai gyaran jiki a Kabuga ita kaɗai ta haɗa ni da amare huɗu kafin azumi, kuma odar amarya ba ƙaramar oda ba ce, akwai na ɗaki akwai na kaya akwai na tsuguno akwai humra fara da baƙa, wani lokacin har da na rabon dangin miji.

Na biyu shi ne bidiyon amsa tambayar nan ta ƙauri. Ba wani kayan aiki, waya ce da hasken taga, fuskata ma ba ta fito ba don na ce ba na so, hannuna kawai da kasko. Na nuna yadda ake bari garwashi ya ruru ya yi fari tukunna, a ɗan barbaɗa toka a kansa, sannan a ɗora turaren kaɗan ba a cika ba, in ya gama ba da ƙamshi a kwashe kafin itacen ya fara ƙonewa. Na nuna na bona ma. Ban ce a zo a saya ba ko sau ɗaya, su suka hana ni, suka ce ki koyar kawai. Wannan bidiyon shi ya fi duk abin da na taɓa ɗorawa yawo, mata suna turawa a guruf ɗin 'yan uwa da na makarantar Islamiyya, har wata ƙawar Ummana ta turo mata shi ba ta san hannun 'yarta ba ne, sai da Umma ta gane zoben. Da suka ga ya karɓu shi suka sa wa kuɗi, suka saita shi ga mata kawai, a Kano da kewaye, da maɓallin da in an taɓa yake kawo mutum kai tsaye WhatsApp ɗina. Sun kuma duba alƙaluman shafina suka ga matan da ke bina sun fi shiga da dare bayan isha'i, ni kuwa da safe nake ɗorawa lokacin kowa na fama da yara da abin kari. Da azumi ya kama a watan Maris muka koma bayan tarawi da wajen sahur.

Abu ɗaya da ya kamata duk mai shirin biyan Facebook ta sani, akwai harajin VAT na kashi 7.5 da ake ɗorawa a kan kuɗin talla a Najeriya tun farkon 2022, su ba su faɗa min ba sai da na ga lissafi bai daidaita ba na tambaya. Ba cuta ba ce amma da sun faɗa tun farko ya fi.

Sai ranar da aka samu matsala. Wata ta yi odar humra zuwa Kaduna, na kai tashar Unguwa Uku na ba direba, wannan kafin kwalayen da na yi oda su iso ne, kwalba ɗaya ta tsiyaye ta ɓata sauran kayan. Matar ba ta kira ni ba sai ta ɗauki hoto ta rubuta a ƙarƙashin bidiyon nan da ke yawo, da zafi sosai. Hannuna har rawa yake, niyyata in goge in toshe ta. Na kira yarinyar, ta ce Anti dan Allah kar ki taɓa, mutane sun riga sun gani, in kika goge za ta ɗauka ta kai wani wajen da ba ki da bakin magana. Ta sa na amsa a wajen da kowa zai gani, na ce laifina ne ban naɗe da kyau ba, ki yi haƙuri, gobe wani zai taso kuma kuɗin mota a kaina. Washegari muka ɗauki bidiyon yadda nake naɗe sabon, leda a baki, salatif, kwali, na juya kwalbar ƙasa na girgiza. Matar da kanta ta dawo ta rubuta cewa ya iso lafiya ta gode, yanzu haka tana cikin masu saye duk wata. Wannan shawarar ita kaɗai ta isa in yi wa yarinyar nan addu'a.

Yanzu inda ban ji daɗi ba, kuma ba kaɗan ba ne.

Sun matsa min in biya wata mai mabiya da yawa a TikTok ta tallata min. Na ce ku da kuka koya min duba su waye mabiya, kun duba nata? Suka ce sun duba. Na biya kuɗi masu ciwo, na aika kaya, sai da aka yi kusan sati uku ana bin ta kafin ta ɗora, ta riƙe kwalbar na daƙiƙa kaɗan ko kasko ba ta kunna ba, sunan kayan ma ba ta faɗa daidai ba. Da na shiga na karanta masu magana a ƙasa yawanci samari ne suna yaba kwalliyarta, babu mai zancen turare. Oda biyu na gani daga wannan. Abin da ya ƙara min ciwo da na yi ƙorafi sai suka ce ai an san sunana yanzu. Ni sanin suna ba shi zai biya kuɗin haya ba, kuma binciken da suka yi wa masu turare da sun yi wa ita rabinsa da ba mu jefa kuɗin ba.

Haka rabon kyauta da suka shirya, wai a bi shafi a kira ƙawaye uku a ci humra. Mabiya sun ƙaru kam, amma bayan an sanar da wadda ta ci da yawa suka watse, waɗanda suka rage kuma kullum saƙo Anti yaushe za a sake rabo. Da na san haka ne da kwalaben nan masu lalle na ƙara wa.

Rubutun da suke sawa a ƙasan hoto shi ma sai da na karɓe. Da turanci suke tunaninsa su juya, sai ki karanta Hausar ki ji ba haka muke magana ba, wani kalar yabon ƙamshi da ko a rediyo ba a yi. Matan da ke sayen kayana so suke su ji yana kama jiki, yana kama ɗaki, yana kwana a kaya. Daga baya muka daidaita, ni in faɗa da baki su rubuta yadda na faɗa. Rahoton ƙarshen wata ma da turanci yake zuwa cike da zane-zane, sai na ce a zo a zauna a yi min bayani da Hausa, nawa aka kashe, mutum nawa suka yi magana, nawa suka saya. Sun yi, amma sai na roƙa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na azumi. Duk shekara ina aika turare masallacin unguwarmu a goman ƙarshe, ta hannun ladan, ba wanda ya sani sai Abban yara. Na yi kuskuren faɗa a gabansu, sai babban ya ce a manna sitika mai sunana a kwalaben a ɗauki bidiyo ana miƙawa, wai mutane na son ganin mai sana'a tana alheri. Na ce masa ƙanina wannan ba na kasuwa ba ne, tsakanina da Ubangijina ne, in na sa kyamara a ciki me zan tarar gobe. Ya sake kawo maganar sau biyu har sai da na ɗaure fuska. A satin kuma suka kawo shawarar a buɗe wasu asusu a riƙa rubuta yabo a ƙasan hotunana kamar kwastomomi ne, wai kowa na yi. Su da bakinsu suka ce min yabo kowa na iya sa ƙawarsa ta rubuta, to na tuna musu. Na ce wadda ta saya ta ji daɗi zan roƙe ta ta rubuta, in ta yarda in ɗora saƙonta in rufe sunanta da lambarta, iyakarta kenan. Gaskiya ba su ja ba, amma na so a ce ba daga bakinsu ya fito ba.

Sai maganar fasuwod. Tun farko suka karɓi na Instagram da na Facebook, ni ban san akwai hanyar da za ki ba mutum izinin aiki a shafinki ta Meta Business Suite ba tare da kin ba shi makullin gaba ɗaya ba, ƙanena ne ya faɗa min daga baya. Da wa'adi ya cika sai da na yi kwana tara ina kira kafin a cire lambar wayar ɗayansu daga asusuna, ba wai sun yi niyyar riƙewa ba ne, sakaci ne da hidimar sallah, amma kwanakin nan ban yi barci mai daɗi ba, shafin nan shi ne shagona na biyu. Duk wadda za ta ba wani aiki irin wannan, ko su ko wasu, kar ta ba da fasuwod, kuma lambar da ake turo saƙon tabbatarwa ta zama tata.

Wani ɗan abu da suka gyara min da ba zan manta ba, da ina tura saƙon bai-ɗaya na WhatsApp, wato burodkas, ga mutane ina mamakin shiru, ashe jerin ba ya wuce mutum 256 kuma wadda ba ta ajiye lambarki ba saƙon ba ya isa gare ta sam. Yanzu duk wadda ta saya ina cewa ta ajiye lambata in ajiye tata, ta haka take ganin sitatus ma. Sun kuma sa shagon a taswirar Google, 'yan sahu da masu kawo saƙo sun daina kirana sau biyar suna neman layi.

To ko ina ba da shawarar a je? In kayanki masu kyau ne kuma kin kai matakin da kike da ɗan abin da za ki ware ba jarinki za ki taɓa ba, ki je, amma ki ce binciken abokan gasa kike so da dabarun kai kaya hannun mutane, nan ne suka iya, kuma yarinyar nan ki ce ita za ta riƙe aikinki. Maganar masu mabiya da rabon kyauta ki riƙe kuɗinki sai kin shiga da kanki kin karanta su waye ke magana a shafin. In kuma yanzu kika fara, jarin bai fi na kwalba ashirin ba, kar ki biya kowa tukunna, Ad Library kyauta ne, karanta ƙorafin mutane kyauta ne, mai lallen unguwarku kuma kin san gidanta.

Ni ban sabunta kwangilar wata-wata ba. Ƙanwata ce ke ɗora hotuna yanzu ni ina faɗa mata abin da za ta rubuta. Amma mun yi magana da su duk bayan wata uku zan biya su kuɗin zama ɗaya su sake duba min matan nan goma sha biyar da duk wata sabuwa da ta fito, su zo shago da littafin nan a karanta min da Hausa. Masu lallena sun zama goma sha tara, jiya ma na aika ƙulli hamsin Sharaɗa, kuma na sake yin odar hawin baiwar Allahn nan ta Maiduguri, wannan karon babbar kwalba, don har yanzu ban gano me take sawa da yake kwana a labule ba.